Kwamfuta Ta Daina Karanta Faifan CD Ko DVD? Ga Inda Ake Fara Dubawa

Yawancin matasa yanzu a waya suke komai, sai a ɗauka faifai ya zama kayan tarihi. Amma a shagunan buga takardu da ke kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Kaura Namoda, ko wajen masu ɗaukar bidiyon biki a Shinkafi da Zurmi, har yanzu akwai kwamfutar tebur da tarin faifai a aljihun tebur: na Windows, na firinta, na bikin da aka yi shekara goma baya wanda babu kwafinsa a ko'ina. A watan Satumba na 2021, da hukumar NCC ta sa aka rufe layukan waya a Zamfara, wanda kwamfutarsa ta lalace ba shi da hanyar sauke komai daga intanet. Faifan da ke hannunsa ne kawai.

To idan an saka faifai ya yi ta juyi ba abin da ya fito, kar a yi saurin cewa na'urar ta mutu. A fara da faifan. A gwada wasu guda uku, a tabbatar akwai CD akwai DVD a ciki. Dalili kuwa, na'urar tana da hasken lesa iri biyu, ɗaya na CD ɗaya na DVD, kuma ɗaya kan iya raunana ya bar ɗayan. Idan tana karanta CD ta ƙi DVD, matsalar ta na'ura ce, sake loda Windows ɓata lokaci ne. Idan faifai ɗaya ne kawai ya ƙi, a goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki. Ba a goge shi a zagaye, domin ƙarcen da ya bi da'ira ya fi ɓata bayanai.

Abin da ya fi damun na'urorin wannan yanki shi ne ƙura. Hunturu ɗaya ya isa ya rufe ɗan gilashin da masu gyara ke kira ido. Sai a kashe kwamfuta, a zare ta daga wuta, a kwance na'urar, a jiƙa tsinken goge kunne da sinadarin isopropyl kaɗan, a shafa idon a hankali sau biyu ko uku. Ban da fetur, ban da turare, ban da yawu, duk da dai ana yi. Idon yana rataye ne a kan siraran wayoyi, dannawa da ƙarfi sai ta karkatar da shi. Idan tiren ne ya ƙi fitowa, akwai ɗan rami a gaban na'urar, a tura siririyar waya zai buɗe ko babu wuta.

Wani lokaci kuma na'urar ba ta ma bayyana a kwamfutar. Nan sai a shiga BIOS yayin kunnawa, F10 a yawancin HP, F2 a Dell. Idan ba ta nan, a duba wayoyi biyu da ke bayanta, ta SATA da ta wuta. Kwamfutar da aka ɗauko a bayan babur a kan hanya mai gargada ba wuya wayarta ta saki.

Idan BIOS ya gan ta amma Windows bai gani ba, a buɗe Device Manager. Alamar rawaya mai Code 19 ko Code 39 galibi saura ce da wata manhajar kwafar faifai ta bari. A danna Uninstall a sake kunna kwamfuta. In ta ƙi, akwai UpperFilters da LowerFilters da ake gogewa a Registry, amma wannan aikin wanda ya saba ne, kuskure ɗaya na iya hana Windows tashi. Wani abin da ke ruɗa mutane: Windows 10 ba ya kunna fim ɗin DVD da kansa, VLC ake sakawa.

Duk ranar da faifan ya buɗe, a kwashe abin da ke ciki nan take zuwa filasha ko waya. DVD na yau da kullum bai wuce 4.7GB ba, CD kuwa 700MB, memori mai 32GB zai ɗauki DVD shida.