Gishiri, Raƙumi da Alfadari: Labarin Ƙwayoyin Jiki

Jama'a, yau cikin jiki muka leƙa, wurin ƙwayoyin halittar nan da ido ba ya gani sai da madubin likita.

Kowace ƙwaya tana lulluɓe da tantanin kitse mai ninki biyu, siririn da sai an jera kusan 10,000 kafin su kai kaurin takarda guda. Duk da haka shi ke tantance mai shiga da mai fita: iskar numfashi ta wuce ba sallama, sukari da gishiri kuwa kowa sai ta ƙofarsa. Maigadi ba ƙiba, sai tsare gida.

Ku barbaɗa gishiri a yankakkiyar albasa, jim kaɗan za ku tarar ta yi sharkaf, domin ruwa kan ratsa tantani ya bi ɓangaren da gishiri ya fi yawa. Wannan karon albasar ce ke hawaye.

Shi ya sa ruwan gishirin da ake ƙara wa majinyaci a asibiti yake da ma'auni: giram 9 a kowace lita, daidai da jini. Da zallan ruwa aka ɗura a jijiya, jajayen ƙwayoyin jini sai su sha, su kumbura, su fashe. Gishiri ba a miya kaɗai yake aiki ba.

Raƙumi kuwa ko a jikinsa. Jajayen ƙwayoyinsa masu siffar ƙwai ne, suna iya kumbura sosai ba su fashe ba, don haka bayan doguwar ƙishirwa yake kafa kai a kwami ya sha iya shansa. Ku dai kada ku gwada.

A bangon hanji akwai wata ƙofa da ba ta buɗewa sai gishiri da sukari sun zo tare, in sun shige ruwa ya bi bayansu. Sirrin ruwan gishiri da sukari ke nan, wanda ke ceto mai amai da gudawa. Ashe sukarin ba don zaƙi aka zuba shi ba.

Ko kuna kwance kuna minshari, wasu ƙananan famfuna a tantanin ƙwayoyinku suna ta fitar da sinadarin sodiyam 3 suna shigo da na fotasiyam 2, kuma kaso mai tsoka na ƙarfin abincinku a nan yake ƙarewa. Rago ma ya samu hujja.

Sai batun rabuwa. Wata bakteriyar hanji, in ta samu ɗumi da abinci, tana rabuwa biyu duk minti 20, cikin awa 7 guda ɗaya ta haura miliyan 2. Masu ɗumame, a bari ya yi zafi sosai.

Jajayen ƙwayoyin jininmu ba sa rabuwa sam. Kwana 120 suke yi su mutu, ɓargo kuma yana ƙera sababbi kimanin miliyan 2 kowace daƙiƙa. Ba hutu, ba yajin aiki.

Rabuwar ƙwayoyin haihuwa kuwa da ƙa'idarta. Doki yana da kuromosom (ƙunshin gadon da ke cikin ƙwaya) 64, jaki 62, ɗansu alfadari ya tashi da 63. Wajen yin ƙwayar haihuwa dole kowane kuromosom ya samu abokin jeruwa kafin a raba gida biyu, na doki da na jaki kuwa ba sa daidaituwa, shi ya sa da wuya ƙwarai a ji alfadara ta haihu. Ga ƙarfi, ga juriya, magaji ne dai babu.