Sunan Gari, Taskar Tarihin Ƙasa

Sunan gari ba ya zuwa haka kawai. Sau da yawa mutanen farko sukan dubi abin da suka tarar a wurin, itace ne ko ciyawa ko ruwa, su raɗa masa suna da shi. Don haka sunayen garuruwa suke da amfani ga masu nazarin tsirrai da muhalli, domin suna yakan daɗe bayan abin da ya haife shi ya shuɗe.

A dubi kudancin Jihar Katsina. A ƙasar Ƙanƙara akwai Kukasheƙa, sunan da ke ɗauke da kuka, itaciyar da kan rayu ɗaruruwan shekaru. A Faskari akwai Mairuwa, a Sabuwa kuma akwai Rafin Iwa, ita kuwa iwa ciyawa ce da ke son fadama. Wasu sunayen labarin mutane suke bayarwa: Zango masaukin fatake ne, Dungun Mu'azu kuwa yana riƙe da sunan mutum.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake samun haka ba. A Norwe, can arewacin Turai, tsohon sunan birnin Bergen shi ne Bjørgvin, wato makiyaya tsakanin duwatsu, kuma sunan da ya ƙare da "-rud" yana nufin wurin da aka sare daji aka yi gona. Masani Oluf Rygh ya tattara sunayen gonakin ƙasar, aka fara buga su a 1897.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Don sunan Faskari ya yi kama da "faskara", wannan bai isa hujja ba. Haka Maigora ta Faskari: a rubuce ba a bambanta gorar da ake sanda da ita da goran ruwa, sai an ji lafazin 'yan gari.

Yau itatuwa suna ƙarewa, rashin tsaro kuma ya tashi ƙauyuka da dama a yankin, dattawan da suka san asali suna ta raguwa. Ya kamata malamai su tura ɗalibai wurin dattawa su rubuta sunan kowane rafi da tudu da fadama, yadda ake faɗinsa da dalilinsa, sannan su bincika ko tsiron da aka ambata yana nan har yanzu.