Ɗan Jagora Da Mai Kyamara: Darasi Daga Raƙuman Dawan Kure

Masu iya magana na cewa sai da ɗan gari akan ci gari. Haka abin yake a daji. Baƙo na iya shiga gandun namun daji da mota mai tsada, amma idan babu ɗan jagora wanda ya san sawu, ya san mashaya, ya san lokacin da dabba ke fitowa, to ƙura kawai zai kwasa ya koma gida. Duk da haka, a nan Arewa mun ɗauki jagorancin masu yawon buɗe ido da ɗaukar hoton namun daji a matsayin aikin wanda boko ya ƙi. A ganina wannan kuskure ne babba, kuma hujjata tana maƙwabta, a Jamhuriyar Nijar.

A yankin Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suke rayuwa a tsakiyar gonakin jama'a. Farauta da fari da sarar daji sun kusa ƙarar da su, har a shekarar 1996 guda 49 kacal aka ƙidaya. Gwamnati ta tsaurara hana farautarsu, ƙungiyoyi suka taimaka, mutanen yankin kuma suka kafa ƙungiyar 'yan jagora. Kafin shekarar 2020 adadinsu ya haura 600.

Ta yaya aka san adadin? Kowane raƙumin dawa yana da zanen jikinsa da babu mai irinsa, kamar zanen yatsan ɗan Adam. Saboda haka akan ɗauki hoton kowanne ta dama da ta hagu, a adana, a gwada da na bara, a gane wanda aka haifa da wanda ya ɓace. Ɗan jagora ne ke kai mai kyamara inda garken yake, hoton kuma ya zama rajista. Wannan sani na daga cikin abin da ya ba da ƙwarin gwiwar kwasar guda takwas a shekarar 2018 zuwa gandun Gadabeji da ke jihar Maraɗi, inda suka daɗe da ƙarewa.

Sana'ar ba ta rasa haɗari. Ranar 9 ga Agusta, 2020, 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure: Faransawa shida ma'aikatan agaji, da direbansu, da ɗan jagoransu. Baƙi suka ɗauke ƙafa, abincin iyalai da dama ya yanke. Wannan ya nuna cewa rayuwar ɗan jagora a ɗaure take da zaman lafiya, domin shi ne na farko da ke jin raɗaɗi idan tsaro ya taɓarɓare.

To mu fa? Gandun Yankari da ke Jihar Bauci an kafa shi a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, faɗinsa ya zarce murabba'in kilomita 2,200. Yawancinmu abin da muka sani game da shi bai wuce wanka a ruwan ɗumi na Wikki ba. Alhali kuwa giwa ma ana gane ta da yagewar kunne da siffar haure, zaki kuma da ɗigon da ke gindin gashin bakinsa. Wannan ilimi ne da ke buƙatar haƙuri, da sammako, da shekaru ana lura. Mafaraucinmu na gargajiya yana da rabinsa a ka, ɗan makaranta yana da ɗaya rabin a littafi. Me zai hana a haɗa su?

Shawarata ga gwamnatocin jihohi ita ce su horar da 'yan jagora daga ƙauyukan da ke kewaye da gandayen, su ba su takardar shaida da tsayayyen albashi, su kuma riƙa sayen hotunan 'ya'yanmu su adana. Mu kuma iyaye, idan yaro ya nuna sha'awar tsuntsaye da kyamara, kada mu yi masa dariya. Gani ya kori ji, kuma dabbar da ba a ƙidaya ba, ranar da ta ƙare babu wanda zai sani. Allah Ya sa masu iko su ji.