Kwamfuta za ta iya nuna mana yadda yaro ke koyon magana?

Yarinya 'yar shekara uku a Haɗejiya za ta ce "rana ta fito", ta ce "wata ya fito", alhali babu wanda ya zaunar da ita ya koya mata nahawu. Yadda ƙwaƙwalwa ke yin wannan ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Ga shi kuma akwai gwajin da ba a yi da jariri. Babu mai hana shi jin magana don a ga abin da zai faru.

Nan ne manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin ChatGPT suka yi rana. Asalin aikinsu shi ne hasashen kalmar da za ta biyo baya, kuma ana iya rage musu abin da suke karantawa ko a ƙara, a ga sakamako. A 2022 masana a Jami'ar Princeton ta Amurka sun auna ƙwaƙwalwar masu farfaɗiya suna sauraron labari, suka tarar ita ma tana hasashen kalma tun kafin a furta ta. A 2024 kuma wasu a Jami'ar New York suka horar da manhaja da bidiyon awa 61 na kyamarar da aka ɗaura wa wani jariri a ka, ta koyi haɗa wasu kalmomi da abubuwan da suke nufi.

Amma kada a ruɗe. Manyan manhajojin nan sai sun haɗiye kalmomi biliyoyi, yaro kuwa abin da yake ji kafin ya balaga bai wuce kimanin miliyan 100 ba. Shi ya sa aka fara gasar BabyLM a 2023, wadda ta ƙayyade wa manhaja wannan adadi.

Abin da ya fi damuna shi ne yawancin binciken da Turanci aka yi shi. A fadamun Haɗejiya zuwa Nguru, ɗan Bamange ko Bafulatani ko Babade yakan tashi da harshen gida, ya tsinci Hausa a wurin wasa, a kasuwa, a bakin kogi wajen masunta. Da kunne yake kama karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutun boko ba ya nunawa, don haka manhajar da rubutu kaɗai ta karanta ba ta taɓa cin karo da su ba. Kafin a gwada ta da irin wannan yaro, sai an naɗi maganar yaranmu da yardar iyayensu, kuma Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, wadda ke kusa da su, za ta iya yin wannan aiki.