Kada Ki Ɗauko Fiya-fiya Saboda Mai Yankan Ganye

Uwargida, in kin ga an yanke gefen ganyen wake ko na furen tsakar gida a zagaye kamar da almakashi, kada ki yi saurin ɗauko fiya-fiya. Aikin wani ƙudan zuma ne mai zaman kaɗaici, irin wanda ake gani da damina a gonakin wake na Digil da ke Mubi.

Ba ya yin zuma, ba shi da sarauniya. Macen ce ke neman rami a busasshen kara ko tsagar bango, ta shimfiɗa ganyen, ta tara garin fure, ta saka ƙwai ɗaya, ta rufe, ta fara wani ɗakin. Yawonta daga fure zuwa fure yana taimaka wa wake ya yi 'ya'ya, kuma ɗan yankan nan ba ya kashe shuka.

Ba ta harbi sai an matse ta. In ta harbi yaro, ki wanke wurin da sabulu, ki ɗora ƙanƙara a cikin tsumma. In fuska ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, sai asibiti nan take.

Haɗarin gaske yana cikin kwalbar. Fiya-fiya guba ce da ke shiga ta fata da numfashi, kuma ta fi yi wa yara illa. Ki bar mata ganyenta.