Daga Minna Zuwa Baro: Hanyar Dogo Da Kogi Da Ciyawa Ta Cinye

A jihar Alaska ta ƙasar Amurka akwai wata tafiya da masu yawon buɗe ido ke zuba kuɗi dominta. Sukan shiga jirgin ƙasa a birnin Ankorej su sauka a Siwad, bakin teku, sa'an nan su hau jirgin ruwa su je kallon duwatsun ƙanƙara masu gangarowa cikin ruwa, da dabbobin teku waɗanda suka fi giwa girma. To, Jihar Neja dai ba ta da ƙanƙara, amma ta taɓa samun irin wannan haɗi na dogo da kogi, kuma Minna ce bakin hanyarsa.

A shekarar 1907 ne Turawan mulkin mallaka suka soma shimfiɗa dogo daga Baro, wani gari na Nufawa a gaɓar Kogin Kwara. Ya bi ta Badeggi da Kataeregi ya iso Minna, tafiyar mil 111, kana ya kai Kano cikin 1911. Gyaɗar Kano da fatu da kuzar Jos sukan gangaro Baro a taragu, a juye su cikin jiragen ruwa, su bi ta Lakwaja har bakin teku. Fasinjan da ya bi kayan nan yakan wuce fadamun shinkafa iyakar ganin ido, idan ya shiga kogi kuma ga masunta cikin kwale-kwale, ga kada kwance bisa yashi, jefi-jefi dorina ta ɗago kai.

Kogin ne da kansa ya karya Baro. Manyan jirage ba su iya isowa sai ruwa ya cika da damina. Da rani sai yashi ya tare hanya. Da aka gama gadar Jebba a 1916, jirgin ƙasa ya riƙa zarcewa Ikko kai tsaye, watau hanyar nan da 'yan Arewa mazauna Kudu suka sani, ta Mokwa da Zungeru. Sannu a hankali reshen Baro ya mutu.

Cikin Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a Baro. An yi biki, an watse, shekaru suka shuɗe ba a ga jiragen kaya ba. Abin mamaki ne a gina tasha alhali dogon da zai kawo mata kaya yana kwance cikin daji.

Mai son ganin namun daji kuwa sai ya nufi gandun Tafkin Kainji, wanda ya haɗa dazukan Borgu da Zugurma, mazaunin gwanki da mariya da gwaggon biri. Sai dai 'yan bindiga sun shiga dajin, saboda haka kada kowa ya kama hanya bai tambayi hukumar gandun ba.

Shi ma ruwan ba wasa ba ne. A farkon Oktoban 2024 wani jirgin katako ɗauke da mutane kusan 300 masu bikin Mauludi ya kife da dare a yankin Mokwa, aka yi asarar rayuka da dama, galibi mata da yara. Wanda zai zo gida hutu da iyali ya nemi rigar ruwa tun a gaɓa, ya kuma ƙi shiga jirgin da aka cika maƙil ko wanda zai tashi bayan magariba.