Byang Kato: Malamin da Ya Damu da Horon Malamai

Ya kamata masu bi a Wurno da sauran garuruwan Birnin Kudu da Gwaram su san tarihin Dakta Byang Kato, domin darasin rayuwarsa ya shafi duk mai sauraron wa'azi.

An haife shi a Kwoi, ƙasar Jaba, cikin Jihar Kaduna ta yanzu, a 1936. Mahaifinsa ya so ya gaje shi a harkar addinin gargajiya, amma yaron ya karɓi bishara a makarantar mishan ta SIM yana da shekara 12. Daga nan ya bi ilmi sau da ƙafa, daga makarantar Littafi Mai Tsarki ta Igbaja zuwa Landan, har ya kai Dallas a Amurka, inda ya sami digirin dakta a fannin tauhidi. A 1967 ya zama babban sakataren ikilisiyar ECWA, a 1973 kuma aka ba shi irin wannan muƙami a ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya riƙe shi.

Abin da ya fi damunsa shi ne majami'u na cika, amma malamai masu zurfin karatu sun yi ƙaranci. A littafinsa na 1975, Theological Pitfalls in Africa, ya yi kashedi a kan gauraya bangaskiya da tsafi. A ganinsa, mai bi ya yi sujada da harshensa, da kiɗansa, da tufafinsa, amma Littafi Mai Tsarki ne ma'aunin koyarwa. Wasu masana sun ce ya tsananta wa al'ada, kuma har yau ana muhawara a kai.

Ya rasu a teku kusa da Mombasa, Kenya, ranar 19 ga Disamba 1975, yana da shekara 39. Makarantun tauhidi da ya yi fafutukar kafawa sun buɗe bayansa, Bangui a 1977, Nairobi a 1983.

Saboda haka, 'yan'uwa, kada ƙarfin murya ya ruɗe ku. Ku tambayi mai wa'azi inda ya yi karatu da wanda ya koyar da shi. Ku riƙa buɗe Littafin da kanku kuna duba ayar da ya kawo. Idan akwai yaro mai hazaƙa a ikilisiya, a ware masa wani abu daga baikon kaka, ko da mudun gero ne, a tura shi makaranta.